But ɗin mai aikin gini a Jos: abin da ya ci shi da yadda aka ceto shi

Takalmin da ake magana a kansa but ne na fata mai tsayin inci shida, lamba 43, launin ƙasa-ƙasa, wanda wani mai kula da aikin gini ya saya a gwanjo a kasuwar Katako. Tambarin da ke jikin harshensa ya goge tun kafin ya zo hannunsa, amma ƙirarsa da ɗinkinsa sun nuna irin but ɗin ma'aikatan Amurka ne. Mutumin yana zaune a Unguwar Rogo, aikinsa yana wajajen Bukuru da Rayfield, kullum a kan babur yake zuwa ya dawo. Ya yi damina biyu da hunturu biyu da takalmin. Da damina ta uku ta kama, ƙafar hagu ta fara shan ruwa. Ya kai wa mai gyara na bakin titi, bayan mako uku ruwan ya ƙaru, takalmin kuma ya soma cizonsa a tafin ƙafa. Daga nan ne ya kai shi wurin wani tsohon shumeka da ya iya ɗinkin hannu.

Da tsohon ya zura hannu ciki ya ji kan ƙusoshi, sai ya ce, "Malam, wa ya buga maka waɗannan?" Mai takalmin ya ce, "Baba, ni dai so nake ruwa ya daina shiga."

Yadda aka gina shi

Galibin takalman da ke kasuwa hawa biyu ne, fatar sama da sol, wato ƙasan da ke taka ƙasa, an haɗa su da gam. In sol ɗin ya ƙare, yawanci takalmin ya ƙare ke nan. Wannan kuwa hawa bakwai ne, kuma uku daga ciki ba a ganinsu sai an farke.

Fatar saman ƙirgin saniya ne mai kaurin milimita 2 zuwa 2.4, jimar sinadarin kurom, wanda aka ɗura wa mai da kitse tun a majema. Abin da tafin ƙafa ke takawa shimfiɗa ce ta ƙirgi mai kaurin kamar milimita 4, ita kuma jimar ɓawon itace ce, dangin jimar bagaruwa da majemanmu ke yi. Wannan bambancin jima zai dawo a gaba, domin a nan ne rabin ɓarnar ta faru. A ƙarƙashin shimfiɗar, kusa da gefe, an manna wani kyalle mai tauri wanda ya tashi tsaye kamar haƙarƙari. Sai wata doguwar fata siririya, faɗinta kamar milimita 15, kaurinta kamar 3, wadda ta zagaye takalmin ta waje. Turawa na ce mata welt, a nan za mu kira ta ɗamara. Ɗinki na farko yana ratsa ɗamarar da bakin fatar sama da haƙarƙarin nan gaba ɗaya, a kwance, yadda ba ya huda inda ƙafa take. Ramin da ya rage a tsakiya ana cike shi da garin kok, ɓawon bishiyar nan da ake toshe kwalba da shi, wanda Fotugal ta fi kowace ƙasa samarwa. A tsakanin diddige da tafin ƙafa ana kwantar da ɗan ƙarfe mai kama da wuƙa marar kaifi, shi ke hana takalmi lanƙwashewa a kan tsani ko matakin babur. Daga nan sai sol, wanda ɗinki na biyu ke haɗawa da ɗamarar ta waje. Wannan ɗinkin na biyu shi ne ake gani yana zagaye takalmin.

Hikimar ita ce sol ba ya riƙe da fatar sama kai tsaye. Ana iya yanke ɗinki na biyu, a jefar da tsohon sol, a ɗinka sabo a jikin ɗamarar, fatar sama ba ta ji komai ba. Da can da hannu ake yin duka. Injin da ya mayar da shi aikin masana'anta ya fito ne a Amurka a shekarun 1860 zuwa 1870, kuma sunan Charles Goodyear ƙarami ya bi shi, ɗan mutumin da ya gano yadda ake dafa roba da farar wuta ta yi ƙarfi. Masana'antun Northampton a Ingila sun rungumi wannan ɗinki, haka ma kamfanoni irin su Red Wing da aka kafa a jihar Minnesota a 1905 don ɗinka wa manoma da masu haƙar ma'adinai da masu saran itace takalma. Amma a lura, injin ya zo da rauni guda. A ɗinkin hannu na asali, a jikin ƙirgin shimfiɗar ake sassaƙo haƙarƙarin, jiki ɗaya ne da ita. A yawancin na masana'anta kuwa kyalle ne da gam. Ma'ana duk ƙarfin takalmin da ake yabo yana rataye ne a kan wani layin gam da ba wanda ke gani.

Mai takalmin ya yi sa'a a Katako, ko da bai sani ba. Dila guda na iya fito da but goma masu ɗinki a gefe, mafi yawansu ɗinkin ado ne da aka manna. Ana gane na gaske ta hanyar ƙirga ɗinki a sama da ƙasa cikin inci guda: in sama shida ne ƙasa huɗu, ko babu alamar zare a ƙasan sam kuma babu falle na tsakiya da zai ɓoye shi, to ado ne. Sannan a guji sol mai sauƙi kamar soso, irin na foliyuretan. Wannan roba tana ruɓewa da danshi ko ba a saka takalmin ba, shi ya sa but ɗin gwanjo zai yi kyau a tebur, a yi kwana uku da shi ƙasansa ya dinga marmashewa kamar busasshen burodi.

Abin da aka tarar

Ba a taɓa takalmin ba sai da ya kwana uku a inuwa, an cire igiya, an zazzago harshe waje, an cusa masa tsohuwar jarida ana canzawa safe da yamma. Jiƙaƙƙiyar fata ba ta faɗin gaskiya: tsagar da ke jikinta tana rufewa, taurinta kuma yana ɓoyewa.

Ƙafar dama ba ta da wani dogon labari. Sol ya cinye a tafin ƙafa har ya kai ga zare, dunduniya ta zaizaye ta gefen waje, ɗamara lafiya lau, ramukanta ba su yage ba.

Ƙafar hagu ce ke ɗauke da aikin. An ciro ƙusoshin ƙarfe goma sha ɗaya da aka buga daga ƙasa suka ratsa har shimfiɗar ciki. Kewayen kowace ƙusa ƙirgin ya yi baƙi ƙirin ya yi tauri. A gefen ciki, wajen babban yatsa, an tsiyaya sufa gulu tsakanin ɗamara da fatar sama, wurin ya sandare kamar gilashi, ya tsage a daidai inda takalmi ke lanƙwasa. An kuma goge gefen da injin gurza don ya yi kyan gani, gurzar ta cinye kusan rabin faɗin ɗamarar a tsawon santimita 12, ta tafi da ramukan ɗinkin. Da aka ɗaga sol, kok ɗin ya zama baƙin taɓo mai warin fumfuna, ƙarfen tsakiya ya yi tsatsa amma bai karye ba. Babbar matsalar tana ƙarƙashin wannan duka: haƙarƙarin kyallen ya saki shimfiɗa a tsawon santimita 9, fatar sama ta baje waje, shi ya sa ƙafar hagu ta fi ta dama faɗi in an ajiye su tare.

A fatar sama kuma akwai ƙananan tsagogi a kan lanƙwasar yatsu a ƙafafun biyu, da wani fari-fari da ya bushe a cikinsu. A kan yatsun hagu akwai tabon da fedar giyar babur ta ci, ya kusa rabin kaurin fatar.

Me ya jawo

Dutsen Jos ba shi ne ya yi wannan ɓarna ba, ko da yake shi mutane ke fara zargi. Tsakuwar da ake zuba kankare da ita tana cin roba da sauri, gaskiya ne, amma cin sol abu ne da aka gina takalmin don ya jure. Da a ce ranar da zaren ƙasa ya fara bayyana aka kai shi aka sauya sol, da ƙafar hagu ta zama kamar ta dama. Sai aka ci gaba da takawa har zaren ya tsinke, baki ya buɗe tsakanin ɗamara da sol, ruwa ya samu hanya. Daminar Jos doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, a watannin Yuli da Agusta kuma takalmin da ake sawa kullum ba ya samun ranar bushewa. Kok ya sha ruwa ya riƙe.

Da tsohon ya tambaya, "Malam, in ya jiƙe a ina kake shanya shi?" amsar ita ce gefen kaskon gawayi da dare, wani lokacin kuma a jingina shi da salansar babur bayan an dawo gida. A garin da ke sama da mita 1,200 daga teku, inda sanyi ke sa a kunna kasko a ɗaki, wannan dabara ce da kowa zai yi tunaninta. Amma ƙirgin jimar ɓawo, in yana jiƙe, yana fara ƙanƙancewa ya taurare tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, wajen digiri 70 zuwa 85. Na jimar kurom yana jure har sama da digiri 100. Saboda haka fatar sama za ta nuna kamar ba abin da ya same ta, shimfiɗar ciki kuwa tana dahuwa. Zafi da danshi tare kuma su ne ke sassauta gam. Da haka haƙarƙarin ya saki.

Farin da ke cikin tsagogin nan, siminti ne. Jiƙaƙƙen siminti yana da kaifin toka mai tsanani, a ma'aunin pH yana kai 12 zuwa 13, fatar da aka jeme kuwa tana zaune ne a ɓangaren tsami, wajen 4 zuwa 5. Simintin yana janye man da ke cikin fatar kamar yadda yake busar da hannun lebura har ya tsattsage. Da hunturu ya shigo da busasshiyar iska da ƙura, sai fatar da ba ta da mai ta karye a inda take lanƙwasa, ƙurar ta shiga tsagar tana gurzarta a kowane taku. Mai takalmin yana goga masa man takalmi na gwangwani duk Juma'a, amma wannan kaki ne da launi, a sama yake tsayawa, ba ya ciyar da fata.

Batun ƙusoshi kuwa duk baduku ya san shi ta wata fuskar. Kuloko, baƙin rinin dukawa, daga ƙarfe ake haɗa shi, kuma yana kama fatar jimar bagaruwa ne saboda ƙarfe da sinadarin jimar in sun gamu baƙi suke yi. A jikin jaka ko rigar layya ado ne. A cikin takalmi mai shan gumi da ruwa, tsatsar tana ci gaba da cin ƙirgin har ya zama mai karyewa. In dole ne a buga ƙusa a irin wannan takalmi, ta tagulla ake nema, kuma a dunduniya kawai.

Mai gyaran bakin titi bai yi wani abu da ya saba wa aikinsa na kullum ba. Gam da ƙusa da gurza su ne maganin takalmin da aka manna, kuma irinsu ne ke zuwa masa daga safe har dare. Kuskuren shi ne bai duba ya ga wannan ba irinsu ba ne.

Gyaran

Abu na farko da aka yanke hukunci a kai shi ne ko shimfiɗar hagu za ta rayu. In ta mutu, sai an warware takalmin gaba ɗaya an sake ɗora fatar a kan las, wato ƙafar katako ko roba da ake gina takalmi a kanta, kuma tunda las ɗin asali yana can ƙasar da aka ƙera shi, abin da zai fito ba zai zauna a ƙafa kamar da ba. An ɗan jiƙa ta, aka lanƙwasa da hannu. Ta lanƙwasu ba ta fashe ba, sai tsaga guda mai santimita 2 tsakanin ramukan ƙusa biyu. Aka bar ta. Aka kankare baƙin, aka toshe ramukan, aka manna mata fatar akuya siririya ta ƙasa don ta riƙe tsagar. Fatar akuyarmu, wadda tun da can ake fitar da ita har Turai ta hanyar Maroko, ta dace da irin wannan faci da shafin ciki saboda kaurinta kamar milimita ɗaya ne kuma tana da ƙarfi, amma ba ta isa ta zama ɗamara ko fatar saman but ba.

Samun ƙirgin ɗamara ya ɗauki kwana biyu. Fatar saniya mai kauri da aka jeme da kyau ba ta da yawa a kasuwa, domin kaso mai yawa na fatun shanun da ake yankawa a ƙasar nan ganda ake yi da su, wanda ya kai majema kuma sau da yawa yana ɗauke da yankan wuƙar fiɗa ko tabon lalas. An zaɓi yanki daga gadon baya, inda ƙirgi ya fi matsewa, ba daga ciki ba inda yake miƙewa kamar roba. Aka yanko tsawon santimita 80, aka fiƙe gefe ɗaya, aka jiƙa shi rabin awa.

An sa las mai lamba 43, aka ƙara masa guntayen fata a gefe har ya yi daidai da faɗin ƙafar dama, domin ita ce ma'aunin da ya rage. Aka jawo fatar saman da ta baje ta koma mazauninta, aka manna haƙarƙarin, aka ƙara masa sabon kyalle mai tauri a kai wanda ya shiga santimita 2 cikin shimfiɗa don gam ya samu wurin kamawa. Sannan aka cire tsohuwar ɗamara gaba ɗaya. Yin faci a santimita 12 kawai zai fi sauƙi, sai dai mahaɗin zai faɗo daidai lanƙwasar yatsu, nan kuwa ba mahaɗin da ke daɗewa.

Ƙa'idar ɗinkin ita ce basilla ta bi tsofaffin ramukan fatar sama, ɗaya bayan ɗaya, tazarar milimita 6 zuwa 8. Duk sabon rami tsakanin tsofaffi biyu yana mayar da bakin fatar kamar takardar rasit mai layin yagewa. A inda sufa gulu ya sandarar da fata, basilla ta ƙi shiga, aka fiƙe wurin a hankali aka mara masa fata ta ciki. Zaren na roba ne mai kauri da aka ja cikin kakin zuma sau uku, kakin ne ke toshe ramin bayan zare ya wuce. Wannan ɗinki kaɗai ya ci kusan awa uku.

An goge tsatsar ƙarfen tsakiya, aka naɗe shi da kyalle don kada ya yi ƙara ko ya sake taɓa ƙirgi. A madadin garin kok, an yanka fallen kok mai milimita 3, irin wanda makanikai ke yanka gasket da shi. Soso bai dace ba, yana lotsewa cikin wata biyu ya bar rami a ƙarƙashin ƙafa.

A wajen sol aka sauya tsarin asali, kuma wannan ne yanke shawara mafi amfani a aikin duka. Maimakon a ɗinke sol ɗin ƙasa kai tsaye da ɗamara, an fara ɗinka falle na tsakiya na roba mai milimita 4, ɗinki biyar zuwa shida a inci, sannan aka manna sol mai milimita 8 a ƙarƙashinsa. Yanzu zare ba ya taɓa ƙasa. In sol ya cinye, ɓare shi kawai za a yi a manna wani, aikin da kowane shumeka zai iya ba tare da ya kusanci ɗamara ba. An yi wa ƙafar dama haka ita ma don tsayinsu ya zo ɗaya.

Mai takalmin ya so sol mai manyan haƙora, irin wanda Vitale Bramani ya fito da shi a Italiya a 1937 don masu hawan dutse, wanda sunan kamfanin sol na Vibram ya samo asali daga gare shi. A kan dutse ba shi da na biyu. A jar ƙasar fili lokacin damina kuwa haƙoran suna cika da taɓo, takalmi ya yi nauyi ya koma sulɓi, a kuma kwashi laka har cikin ɗakin da aka gama shafe. An zaɓi mai matsakaicin zane da dunduniya daban mai kusurwa, wadda ke kama matakin babur da tsani. An yi maganar taya, amma tayar mota ta zamani akwai waya a cikinta, tana cin wuƙa, kuma in ta fito tana yankan hannu.

Manna roba yana da nasa sharuɗɗan. An gurza fuskokin biyu da sanfefa mai kaushi, aka share ƙura, aka shafa gam siriri a kowane ɓangare, aka jira har ya daina kama yatsa. A zafin rana minti goma zuwa sha biyar ya isa, da sanyin safiyar Jos yana iya kai rabin awa, kuma yawancin sol ɗin da ke ɓarewa gaggawar wannan jira ce ta jawo. Aka ɗan ɗumama fuskokin, aka haɗa daga yatsu zuwa diddige, aka bi da guduma daga tsakiya zuwa gefe, aka bar shi kwana guda kafin a gyara baki da wuƙa.

Fatar sama aka yi wa aiki a ƙarshe. An wanke ta da buroshi da ruwa kaɗan, aka shafe ta da ruwan kal da aka sirka, kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu, don ya kashe kaifin simintin. Da ta sha iska aka shafa man kaɗanya kashi uku da kakin zuma kashi ɗaya da aka narkar tare, siriri, sau biyu, kwana ɗaya tsakani. Launin ya ƙara duhu, an gaya wa mai shi tun kafin a fara. Man gyaɗa yana yin ɗoyi a cikin fata, baƙin mai kuma yana sassauta gam ya tara ƙura, duka biyun an hana shi. A kan tabon giya aka ɗinka facin ƙirgi, aka yi irinsa a dama don kada su bambanta. Kuɗin aikin ƙafar hagu ya ninka na dama kusan sau uku.

Bayan damina guda

Takalmin ya dawo a watan Nuwamba don a duba shi. Ɗamara da ɗinki ba su motsa ba. Tsagogin kan yatsu suna nan, domin tsagar fata ba ta warkewa, amma ba su ƙara zurfi ba. Ƙafar hagu ta ɗan matse shi mako biyun farko kafin kok ya ɗauki siffar tafinsa. Ruwan sama da na hanya ba ya shiga, amma ranar da ya tsaya cikin kwatami ya haura idon sawu, safarsa ta jiƙe, kuma haka zai kasance, tunda ɗinki ramuka ne.

Ya sayi but na roba don ranakun zuba kankare, na fatar kuma yana hutawa kwana ɗaya bayan kowace jiƙa, da jarida a ciki, nesa da kasko. Abu ɗaya da gyara bai ba shi ba shi ne kariyar yatsu. Wannan but ba shi da ƙarfe a hanci. Takalmin kariya na ƙa'idar Turai ana gwada hancinsa da bugun jul 200, kwatankwacin kilo 20 ya faɗo daga tsayin mita ɗaya, bulo mai inci tara kuwa ya kai wannan nauyi. An shawarce shi kada ya tsaya da shi inda ake sauke bulo ko rodi.

Dunduniyar dama ta riga ta zaizaye milimita 3 ta gefen waje, saboda da ita yake dafa ƙasa in ya tsayar da babur. An sauya robar dunduniyar biyu a ranar, aka ce ya dawo da shi kafin ruwan Afrilu.